Taku Talatin Zuwa Tudun Jifa

Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Abin da na iya a duniya jifa ne. Da shi na samu iƙama, takardar zama, a Jidda, da shi na yi aure, da shi na ciyar da baki shida.

A ƙauyenmu, can ƙasar Damagaram, aikina tun ina yaro korar tsuntsu daga gonar dawa. Sauran yara majajjawa suke riƙewa, ni hoge nake ɗauka in jefa da hannu. Na zo Umra ina saurayi, lokacin da ake gina Jidda ta ko'ina, na ƙi komawa. Shekara uku ina dako a unguwar masana'antu ta Jidda ba takarda. In an ce ga motar jawazat, masu kamen marasa takarda, mu shige bayan kwalaye kamar ɓeraye. Wata rana muna cin gurasar tamis da wake a bayan wata masana'antar kwali, hankaka ya sure mini gurasa ya hau rufin sito. Haushi ya sa na ɗauki guntun bulo na sako shi ƙasa. Ashe wani Bakoriye, shugaban leburori, yana tsaye yana shan taba. Ya zo ya kama hannuna na dama yana jujjuya shi kamar mai taya rago.

Mai masana'antar Balarabe ne da ya yi karatu a Amurka, ya dawo da ciwon wani wasa da suke kira besbol. Mutanenmu ba su san shi ba, to ga shi a taƙaice. Mutum ɗaya ya hau ɗan tudun ƙasa a tsakiyar fili, ya jefa ƙwallo mai taurin dutse. Ɗan wancan ɓangaren yana tsaye da gora, yana son ya make ta ya ruga ya zagayo fili, in ya zagayo sun ci ɗaya. A bayansa akwai namu a tsugune da safar fata, shi ne mai tara. In mai gora ya kuskure sau uku, ya fita. In an fitar da mutum uku, sai a juya. Namu zagaye bakwai ake yi. Wasan duka a kan kafaɗar mai jifa yake, sauran yawanci jira suke.

Masana'antu da gidajen Turawa kowa na da ƙungiya, ana karawa ranar Juma'a bayan La'asar a watannin da zafi ke sauƙi. Cikin sati biyu aka yi mini abin da na shekara uku ina roƙon Allah, aka fito mini da iƙama. A jikinta an rubuta lebura. Ban ƙara ɗaga kwali ba. Aikina in ci, in yi barci, in jefa.

Shekara goma sha uku na yi a kan tudun. Ranar da kafaɗar ta tafi, na sani tun kafin ta tafi, kuma duk wanda ya san wasan ya sani. Gwiwar hannu ce ke fara sauka. Sai ka ga mutum yana ɓoye hannun a bayan cinya yana karkaɗe yatsu, yana daɗewa wajen murza ƙwallo kamar akwai abin da yake nema a jikinta. Manajanmu na lokacin, wani Ba'amurke mai jan wuya, ya gani ya kau da kai, don muna gaba da ɗaya. Na ci gaba har na ji abu ya ce ɗas a ciki. Tun daga ranar hannun nan bai ƙara wuce kunnena ba. Ni da na ci abinci da jifa, a Mina da ƙyar tsakuwata ke kaiwa.

Mai masana'anta ya ji tausayina, ko kuma ya rasa mai karɓa, ya ce ni ne manaja. Kowa ya koma kirana koci. Ni ke jan ragar ƙarfe a bayan mota in share fili, ni ke zuba farar ƙasa a layi, ni ke bin shugabannin sashe ina roƙo su sakar mini mai walda ranar Juma'a, ni ke raba faɗan Koriyawa da 'yan Filifin da Larabcin da duk cikinmu ba wanda ya iya shi sosai. Amma babban aikin manaja ɗaya ne. In mai jifa ya gaji, kai za ka tashi daga benci, ka taka har tudu a gaban kowa, ka buɗe tafin hannu, shi kuma ya sa maka ƙwallo ya sauka. Ba a aike. A filinmu taku talatin ne, na ƙirga. Na yi wa ƙatti, na yi wa waɗanda suka girme ni, wani har ya tofa yawu kusa da takalmina. Ban taɓa jin nauyin kowa ba.

Ɗana na fari a unguwar Sa'alaba aka haife shi, a ɗaki biyun da muke haya saman shagon mai gyaran firji. Ni yadda aka rene ni, ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a yabonsa. Mahaifina har ya rasu, in yana son yayana sai ya ce a gaya wa wancan. A Jidda na riƙe wannan fiye ma da mutanen gida, don shi ne abin da na zo da shi wanda ba a taɓa tambayata takardarsa ba.

Yaron ya taso yana bin ƙungiya, ya yi tsawo, ya fi ni faɗin kafaɗa. Akwai mai taranmu, ɗan Filifin, ma'aikacin lantarki, mun shekara ashirin tare, shi ya tari jifana kafin ya tari na yaron. Ta bakinsa na koyar da ɗana. Yaro yana tsaye taku biyu daga gare ni, sai in dubi mai tara in ce, "Ka ce wa wancan ya ɗaga gwiwar hannu."

Shi kuma ya juya da ƙarfi kamar mai shela. "Koci ya ce a ce wa wancan ya ɗaga gwiwar hannu!"

"Na ji, ya ammu," in ji yaron.

"Koci, wancan ya ce ya ji. Akwai wani saƙo? Zan fara karɓar kuɗin waya."

Kowa ya yi dariya. Sau da yawa mai taran ya tambaye ni, "Wai ɗanka ne ko a bakin masallaci ka tsince shi?" Na ce ba zai gane ba. Ya ce shi nasa 'ya'yan sau ɗaya yake ganinsu a shekara biyu, in da suna kusa da shi haka da ya cinye musu kumatu da sumba.

Dokar ƙasar nan, namiji in ya kai shekarun girma ya gama makaranta, ba ya zama a kan iƙamar ubansa. Ya nemi kafilinsa, ɗan ƙasa da zai tsaya masa, ko ya fita. Ya fita ina? Damagaram a bakin uwarsa kawai ya san ta. Hausar ma rabi ce, in ransa ya ɓaci Larabci ke fitowa. Na je wajen masu sayar da kafala, suka faɗi abin da ko na sayar da kaina ba zai kai ba. Wa'adi ya wuce da wata bakwai. Ya daina fita ko'ina sai fili, shi ma a kwance a bayan motar mai tara. Wani abokinsa da suka yi makaranta tare ya je sayen burodi a unguwar Aziziyya aka kama shi, aka kai shi tarhil, inda ake tara waɗanda za a kora. Bayan sati biyu ya bugo waya daga Injamena yana kuka, ya ce bai san ko mutum ɗaya ba. Daga ranar uwar yaron ta daina cin abinci sosai. In mota ta tsaya a ƙasan bene sai ta miƙe da ludayi a hannu.

Tsohon mai masana'anta ya riga ya rasu. 'Ya'yansa sun kawo wani mudir ya riƙe musu masana'antar, yaro ne a kaina, bai san wasan ba. Abin da ya sani shi ne yana da aboki a gidajen Amurkawa da ke yi masa dariya duk shekarar da suka ci mu. Na hau benensa da hulata a hannu.

"Ya koci, muna rage mutane ne. Kai kanka ban san me kake yi a nan ba."

"Ranka ya daɗe, akwai wani yaro. Yadda aka ɗauke ni, haka nake roƙo a ɗauke shi. Ya fi ni jifa."

"Wane yaro?"

"Wani yaro ne a gidana."

"Ɗanka ne?"

Na dubi kafet.

"Kai malam, ɗanka ne ko ba ɗanka ba?"

"Haka ake cewa."

Ya yi dariya har ya buga tebur. "Juma'a za ku kara da Amurkawan nan ko? Zan zo. In ya burge ni, kawo fasfonsa ranar Asabar. In bai burge ni ba, halas, kar ka ƙara hawo mini bene."

Uwar yaron ta gaya wa unguwa duka a taya mu addu'a. Abin da ban zata ba, suka ɗauki addu'ar suka kawo ta fili. Dattawan Sa'alaba da ba su taɓa ganin wasan ba suka cika wata bas suka zo, aka jera musu kujerun roba a bayan waya, dab da bencina. A tsakiyarsu surukina, uban matata, da tasbaha a hannu. Can ɗaya gefen, farar motar mudir mai baƙin gilashi, inji na aiki saboda sanyi. Ranar iskar teku ta kwanta, riga na manne wa jiki, hankaki sun jeru a rufin sito.

Zagaye huɗu na farko, ban taɓa ganin jifa irin wannan ba, har nawa. Ƙwallo na faɗawa safar mai tara da ƙara kamar an bugi ƙofar ƙarfe. Amurkawa suna dukan iska suna komawa suna zagi. Muka samu ɗaya. Dattawa ba su san me ke faruwa ba, in sun ga 'yan Filifin sun yi tsalle sai su ce masha Allah.

A zagaye na biyar na ga gwiwar hannun ta sauka. Na ce wa kaina idona ne. Sai ya juya baya, ya kai hannun bayan cinya, ya karkaɗe yatsu. Ya ɗauki ƙwallo yana murzawa, yana murzawa.

Na miƙe. Ina da wanda zai karɓa, mai waldan nan, jifansa ba wuta amma yana kaiwa. Na yi taku biyu na kai bakin farin layi. Na dubi dama, mota na nan. In na cire yaron yanzu, mudir zai ce bai iya ƙarasa wasa ba, in kuma mai walda ya zubar mana da ɗayan nan, shi ke nan. Na dubi hagu, surukina ya daina jan tasbaha, shi da dattawa duk idonsu a kaina. In na je, ba buɗe tafi kawai zan yi ba. Dole in tsaya gab da yaron, in dube shi cikin ido, in dafa kafaɗar in ce ina ke ciwo. A gaban uban matata, da mutanen da suka san ko sunansa ban taɓa kira ba.

Na yafito mai tara. "Je ka tambayi wancan. Hannunsa."

Ya ɗage ƙarfen fuskarsa ya dube ni, bai yi shelar da ya saba ba. Ya tafi tudu, suka yi magana kaɗan, ya dawo.

"Ya ce tamam."

"To."

"Ba to ba, koci. Ƙarya yake. Ni ke tarar ƙwallon nan. Ɗazu tafina kamar zai tsage, yanzu kamar matata ke miƙo mini lemo."

"Ya ce lafiya."

"Ni ba zai gaya mini ba, ni ba babansa ba ne. Kai je ka. Kafaɗarka ce ta mutu, ba ƙafarka ba."

"Koma wurinka, alƙali na jira."

Ya faɗi wata kalma da yarensu, ya ja ƙarfen ya rufe fuska. Na koma na zauna.

Watannin nan, in uwar yaron ta tambaye ni abin da ya hana ni takawa tudu sai in ce kunya ce. In ina ni kaɗai sai in ce motar ce. Ban san wadda ta fi nauyi ba. Abin da na sani, in na tuna ɗaya sai in ɓuya a bayan ɗayar, kuma haka na yi ranar ma, zagaye biyu da rabi, ina zaune da hannuna a cinya.

Ya fita daga na biyar da na shida da dabara. Ya koma jifa mai lanƙwasa, a hankali, irin wanda na koya masa ta bakin mai tara. Tsakanin zagaye ya zo ya zauna a ƙarshen benci ya rufe kafaɗar da tawul. Mutum biyar ne tsakaninmu. Bai dube ni ba, ban dube shi ba. A na bakwai mutum biyu nasu suka kama hanyar zagayo fili, saura ɗaya mu fitar. Wanda ya zo da gora wani ƙato ne mai haƙar rijiyar mai, hannunsa kamar cinyata. Ya kuskure biyu. Mai tara ya yi wa yaron alama ya sake kawo ta a hankali. Yaron ya girgiza kai. Ya sake yi masa, ya sake girgizawa. Ya ɗaga ƙafa ya zuba duk abin da ya rage masa.

Ƙaton ya doki iska. Fili ya kaure. Yaron bai yi ihu ba, bai faɗi ba, hannun kawai ya sauka gefensa kamar rigar da aka rataya, ya kai hagu ya tallabe shi.

Surukina ya kama waya yana tambaya, "An ci ne? Mu muka ci?"

Na ce an ci, Baba. Ban je tudu ba a lokacin ma. Wajen mota na ruga, in ji hukunci. Na ƙwanƙwasa gilashi, ya sauka. Direba ne kaɗai, wani Basudane, ya miƙe ƙafa yana ɓarar 'ya'yan kankana.

"Ina mudir?"

"Ya tafi. Abokinsa ya zo ya ɗauke shi, sun nufi bakin teku. Ya ce in jira in gaya maka ka kawo fasfo ranar Asabar. Wai yaron wuta ne."

"Tun wane zagaye ya tafi?"

"Ni na san zagaye? Ya fi awa ɗaya dai."

Na riƙe ƙofar motar. Ya ce, "Mabruk, ya hajji. Lafiya? Ko in ba ka ruwa?"

Likita ya ɗauki hoto ya ce jijiya ta yage. Ana iya aiki, zai ci abinci da hannun, zai yi alwala, amma jifa a manta. Gwajin lafiya na iƙama jini ne da ƙirji, ba ruwansu da kafaɗa, yaron ya wuce. Kati ya fito, shekara ɗaya, an rubuta lebura. Uwarsa ta yi sujada a tsakar ɗaki, ta dafa shinkafa ta raba wa maƙwabta, ta kwana uku ba ta yi mini magana ba. Mudir da ya ga ni a bakin ƙofa ya dafa ni ya ce, "Baɗi ina son kofin. Yaron nan shi zai jefa kowane wasa, don haka na ɗauke shi." Na ce insha Allah.

Ranar da muka dawo daga likita, muna hawa bene, yana gaba ina baya, ya tsaya bai juyo ba.

"Abuya, na ga ka tashi daga benci ranar nan."

Na tsaya a bayansa. Ya ƙara da cewa,

"Na ce a raina, in ka tsallake layi zan ba ka ƙwallon. Wallahi hannuna ya riga ya buɗe."

Na ce, "Hau, uwarka na jira."

Ita ce ta tuna mini abin da na manta, bayan ta dawo yi mini magana. Ta ce yaron nan ai bahago aka haife shi. Tun yana rarrafe da hagu yake kai hannu kwano. Ni na ce a hana shi, kar ya girma yana miƙa wa manya hagu. Ta riƙa buge masa bayan hannu da ludayi, wani lokaci ta ɗaure hannun da ɗankwali, har ya bari. Ni da na san a wasan nan ana neman bahago ruwa a jallo, ko sau ɗaya abin bai zo mini a rai ba.

Yanzu kullum bayan Asuba muna zagayawa kangon da ke bayan shagon mai firji. Na zana murabba'i da gawayi a bango, na auna nisan da ƙafa. Damansa na rataye a wuya, yana jifa da hagu. Ƙarfin yana nan, na ji shi a ƙarar bango, amma ƙwallon ba ta san inda za ta ba. Sati na farko ya fasa wa wani Bayamane fitilar mota. Mai tara ya zo sau biyu kafin aiki, ya tsuguna, ya bi ƙwallo har cikin shara, ya ce wa yaron jifan yana nan tafe, ni kuma bai ce mini komai ba. In mun gama, yaron ya shiga bas ya tafi masana'anta, na roƙi shugaban sito ya ajiye shi wajen manna takarda a kwali, inda ba a ɗaga komai kuma mudir ba ya bi.

Jiya cikin jifa arba'in, shida suka shiga murabba'in. Yau huɗu. Saura sati tara a buɗe wasa. Mudir bai san hannun ya tafi ba, ɗazu ma ya aiko a tambaye ni lambar da yaron yake so a buga masa a bayan riga.